Masu Alkawari Uku: Yadda Ruhubanawan Kirista Ke Rayuwa A Ƙasar Nijar

Ibohamane gari ne na manoma da makiyaya a gundumar Keita, cikin jihar Tawa, tsakanin duwatsun Adar. An san shi da madatsar ruwa, da fadamar da ake nomawa a ƙarƙashinta. Mutanensa Musulmi ne kamar na Buza da na Madawa, kiran salla shi ke raba musu yini. Abin da akasarinsu suka sani game da Kirista bai wuce asibitin Galmi ba, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a shekara ta 1950. Su kuwa ƴan mishan ɗin Galmi ƴan Furotesta ne. Likita kan zo da matarsa da ƴaƴansa, yana da gida da tukunya kamar kowa, don haka ba wanda ya ga baƙon abu a zamansa.

Amma ɗan Adar matafiyi ne. In an gama girbi yakan tafi cin rani Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, wani ma har Abijan. Can ne yake haɗuwa da wasu Kirista na daban, ƴan ɗariƙar Katolika: mata masu lulluɓi da tufafi iri ɗaya, suna auna yara a gidan likita ko suna koyarwa a makaranta, da kuma maza masu zama tare a gida guda ba mace ba yaro. A ƙasar nan ana kiransu da kalmomin Faransanci, «ma sœur» da «mon père». A Najeriya kuwa sista da fada ake cewa. Malamai masu karatun Larabci sun san su da sunan ruhubanawa. In aka gaya wa baƙo cewa wannan mace mai shekara hamsin ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma da niyya, cewa albashinta ba ya shiga hannunta, kuma takarda ɗaya daga shugabarta ta isa ta ɗauke ta daga Maraɗi zuwa wata ƙasa, yakan yi shiru, sannan ya tambaya: wane laifi ta yi? Ba ta yi laifi ba. Ita ta nemi haka, an kuma sa ta jira shekaru kafin a yarda.

Rayuwar tasu a kan alkawari uku take, waɗanda mutum ke ɗauka da bakinsa a gaban jama'a cikin majami'a, ya kuma sa hannu a takarda: talauci, da ƙin aure tare da tsare kai, da biyayya.

Talaucin ba na bara ba ne, ba kuma na yunwa ba. Ma'anarsa mutum ya daina cewa «nawa». Dokokin cocin Katolika, waɗanda aka sake tsarawa a 1983, sun ce duk abin da ɗan ƙungiya ya samu da guminsa na ƙungiya ne. Sista mai aikin ungozoma tana da albashi, amma asusun gida yake shiga; in takalminta ya tsinke sai ta je wurin ma'aji, kamar yadda wadda ke shara za ta je. Kafin alkawarin farko mutum kan miƙa riƙon dukiyarsa ga wanda ya zaɓa, kafin na ƙarshe kuma ya rubuta wasiyya. Mai lura zai ce wannan talauci da sauƙi, tun da akwai ɗaki da abinci da magani, abin da talakan ƙauye ba kullum yake samu ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, su ma kansu suna yin ta a tsakaninsu. Sai dai akwai inda yake ciwo. Ga ƴar Afirka wadda iyaye suka sayar da akuya suka yi mata karatu, ranar da mahaifinta ya kwanta ciwo ko ƙanenta ya rasa kuɗin makaranta, ba ta da ko dala da za ta aika da ikon kanta. Sai ta roƙa, a duba, a ba ta ko a hana.

Alkawari na biyu shi ne wanda Bahaushe ya fi jin nauyinsa. A ƙasar Hausa aure shi ne cikar mutum. Tuzuru ba ya zama cikin dattawa ko da furfura ta cika masa kai, macen da ba ta haihu ba kuwa kowa ya san irin kallon da take sha. Addinin Musulunci bai ɗora wa mabiyansa ruhubananci ba, aure sunna ne. Akwai zuhudu, akwai halwa da shehunan ɗariƙu ke shiga na kwanaki, akwai wuridin safe da yamma na ƴan Tijaniyya da ƴan Ƙadiriyya, to amma shehu in ya fito halwa gidansa yake komawa. Su ruhubanawa hujjarsu ita ce Annabi Isa bai yi aure ba, suna son su bi sawunsa, kuma wanda ba shi da iyali na kansa ya fi sakewa ya zama na kowa: ana iya tashinsa da tsakar dare, ana iya aika shi inda annoba ta ɓarke ba ya waiwayen marayu. Ba kowane Kirista ya yarda da wannan hujja ba. Tun ƙarni na 16 ƴan Furotesta suka bar tsarin, Martin Luther da kansa ruhubani ne da ya fita, ya yi aure a 1525.

Na uku, biyayya, daga nesa kamar shi ya fi sauƙi. Tsofaffin cikinsu kuwa sukan ce shi ya fi wuya, domin sha'awar dukiya da ta aure suna raguwa da shekaru, son ra'ayin kai kuwa ƙaruwa yake yi. Mutum ya gina makaranta da hannunsa, ya koyi harshen mutanen wurin, ya san kowane yaro da sunan uwarsa, ran nan sai a ce ya tattara ya bar wa wani. Ma'aikacin gwamnati ya san ɗacin canjin wurin aiki, amma shi yana iya kai kuka, yana iya ajiye aiki ya kama kasuwanci. Duk da haka biyayyar tana da iyaka. Shugaba ba ya umartar abin da ya saɓa wa dokar ƙungiya. Shi ma zaɓensa ake yi ko a naɗa shi bayan shawara, a yawancin ƙungiyoyi na ƴan shekaru ƙididdigaggu, in wa'adinsa ya cika ya koma layi, wataƙila ƙarƙashin wanda ya taɓa koya wa karatu.

Ba a shiga da gaggawa

Ƙofar shiga ƙunci gare ta, da gangan aka yi ta haka. Mai nema yakan fara zama da ƙungiya na wasu watanni, ya ga su, su gan shi. Bayan haka sai lokacin horo, wanda doka ta ce kada ya gaza wata 12, kada kuma ya wuce shekara 2, ba a karɓar wanda bai cika shekara 17 ba, ba a kuma karɓar mai aure. In an gamsu sai ya ɗauki alkawari na ɗan lokaci, daga shekara 3 zuwa 6, ana iya ƙarawa amma jimla kada ta haura 9. Sai bayan wannan duka, in ya kai shekara 21, yake ɗaukar alkawari na rai da rai. Alkawarin da aka ɗauka bisa tilas ko tsoro ko yaudara, doka ta ce ba alkawari ba ne. A cikin waɗannan shekaru da yawa kan koma gida, wasu da kansu, wasu a sallame su, ba kuwa abin kunya ba ne.

Wanda ya riga ya yi na rai da rai yana iya fita, sai dai da takardar izini, wadda ga manyan ƙungiyoyi daga Roma take zuwa. A nan akwai wata aya ta doka mai tsanani: mai fita ba shi da ikon neman ladan aikin da ya yi a ciki, ko da shekara 20 ya yi, illa dai an umarci ƙungiya ta yi masa adalci da jinƙai. Mace mai shekara 45 da ta fito haka, ba miji, ba ɗa, ba gona, in ba ta da takardar sana'a a hannu, ta shiga wani hali. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi masu hangen nesa ke tura ƴan matansu karatun koyarwa ko na jinya tun da wuri.

Yinin nasu ƙararrawa ke raba shi. Ana tashi tun duhun asuba. A taru a ɗakin addu'a a rera Zabura, a yi shiru na tunani kamar rabin sa'a ko fiye, sannan babbar sujada in akwai fada a kusa. Daga nan kowa ya nufi aikinsa. Da rana a taru a ci abinci a tebur ɗaya, da yamma a sake taruwa don addu'a, da dare kuma a yi ta ƙarshe, inda kowa ke bin yininsa a zuci ya ga inda ya kauce. Bayan ta ba a magana sai gari ya waye. Sau ɗaya a shekara ana janyewa na ƴan kwanaki, ba aiki ba hira. Musulmin da ya saba da salla biyar ba zai ga wannan tsari baƙo ƙwarai ba. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne zaman tare: mutum biyar ko shida, ƙabila daban, ƙasa daban, ba su zaɓi juna ba, ga mai son barkono ga wanda ba ya so, ga mai saurin fushi, kuma ba inda za a yi yaji a tafi. Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa.

Da yawa suna tsammanin abin daga Turai ya faro. A Afirka aka haife shi, a hamadar Masar. Wani mutum mai suna Antoni, wanda ya rasu a 356, ya rabar da gonakin gadonsa ya shiga jeji shi kaɗai. Wani kuma, Bakomiyus, tsohon soja, ya ga zaman kaɗaici ba kowa ke iya shi ba, sai wajen shekara ta 320 ya tara mutane a gida ɗaya kusa da kogin Nilu, ya tsara musu lokacin aiki da na addu'a. Daga baya Benedikti, mutumin Italiya, ya kafa gidan Monte Kasino wajen 529, ya rubuta doka mai babi 73 wadda har yau ake bi. A cikinta an raba Zabura 150 a kan kwana bakwai, an wajabta aikin hannu, an ce shugaba ya ji shawarar kowa har ƙaramin cikinsu kafin ya yanke babban hukunci. Mabiyan Benedikti suna ƙara alkawarin zama a gida ɗaya har mutuwa. Irinsu ne suka kafa gidan Keur Moussa a Senegal a 1963, inda suka ɗauki kora, molon mawaƙan Mandinko mai tsirkiya 21, suna rera Zabura da ita, suna kuma ƙera ta suna sayarwa. A shekarar ne kuma aka kafa na Kubri kusa da Wagadugu.

Waɗanda suka zo Nijar

Waɗanda suka yi aiki a ƙasar nan akasari ba masu kulle kai ba ne, masu fita aiki ne. Limaman ƙungiyar SMA ta birnin Liyon suka fara zama a Yamai a 1931. Su rantsuwa suke yi ta zama cikin ƙungiya, ba alkawari ukun nan ba, ko da yake a ido ba a rarrabewa. Bayan yaƙin duniya na biyu sai ƴan ƙungiyar Mai Fansa suka karɓi aikin, ƙungiyar da Alfonso Liguori ya kafa a Italiya a 1732 don talakawan karkara. Ɗaya daga cikinsu, Hippolyte Berlier, shi ya zama bishop na farko na Yamai a 1961, ya riƙe har 1984. Wani kuma, Jean Ploussard, ya zauna da Buzaye a Cirozerin, arewa da Agadas, ya sa rawani irin nasu, ya fara aikin da ya zama makarantar ƴaƴan makiyaya. Ya rasu a 1962 bai kai shekara 35 ba. Littafin da yake rubuta tunaninsa a ciki an buga shi a Faransa bayan rasuwarsa, mutane da yawa suka karanta, domin bai ɓoye irin kokawar da ya yi da zuciyarsa a kan alkawuran nan ba.

Akwai kuma zuriyar Charles de Foucauld, in ana iya kiran mabiyan wanda bai haihu ba zuriya. Hafsan sojan Faransa ne, ɗan masu dukiya, ya yi sharholiya a ƙuruciya. Ganin yadda Musulmin Maroko ke salla na cikin abin da ya mai da shi ga tunanin Allah. Ya shiga gidan ruhubanawa a 1890, ya zama fada a 1901, ya sauka Tamanrasat a 1905, ya share shekaru yana tattara kalmomin Tamajeƙ, ƙamus ɗin da ya bari har yau masana na amfani da shi. An kashe shi ran 1 ga Disamba 1916, a watan da Kawusan ya kewaye Agadas. Tarihinsa ba fari fat ba ne: abokin hafsoshin mulkin mallaka ne, yana kuma rubuta musu labarin abin da ke gudana a hamada, Buzaye ba su manta da wannan ba. Ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya. Sai a 1933 René Voillaume ya kafa Ƙananan Ƴan'uwan Yesu, a 1939 kuma Magdeleine Hutin ta kafa ta mata a Tugurt, cikin Aljeriya. Tsarinsu ya bambanta da na saura: ba su gina makaranta ko asibiti, ba su wa'azi, sai su zauna mutum uku ko huɗu cikin talakawa, su yi irin aikin da maƙwabta ke yi, su ci irin abincinsu. A Nijar wasunsu sun zauna cikin tanti a ƙasar Abzin, suna kiwon awaki kamar matan Buzaye. Paparoma Faransis ya sa Foucauld cikin waliyyan coci ran 15 ga Mayu 2022.

Duk waɗannan daga waje aka kafa su. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, cikinsu ma ba duka ne Katolika ba. A 2001 aka raba ƙasar gida biyu ta fuskar coci, aka kafa yankin bishop na Maraɗi, aka naɗa Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Yankin ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa, watau Ibohamane da Keita da Buza da Madawa duk a cikinsa suke a takarda, ko da ba majami'a a ƙauyukansu.

A nan ne a 2006 Marie-Catherine Kingbo ta kafa ƙungiyar Bayin Almasihu Mata, ta farko da aka haifa a ƙasar Nijar. Ba yarinya ba ce a lokacin. Ta riga ta shugabanci wata tsohuwar ƙungiyar mata ta Senegal, wadda aka kafa tun 1858, ta kuma yi karatu a kan addinin Musulunci a Faransa. Mace ce da ta kai matsayin hutawa, sai ta zaɓi ta faro daga tushe a ƙasar da ba ta jin harshenta. Ita da ƴan'uwanta suka zauna a Tibiri, suka buɗe wurin ciyar da yara masu tamowa a Ɗan Bako, suka kafa makaranta, suka shiga ba mata ƙananan rance. Abin da ya fi jawo hankali shi ne tarurrukan da take kira na masu gari da limamai, a zauna a yi maganar aurar da yarinya tun ba ta isa ba, da yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda, da cire ƴan mata daga makaranta. Abin a duba ne: macen da ba ta yi aure ba tana yi wa masu mata huɗu maganar aure, suna kuwa zuwa su saurara. Da ta zo da girman kai da ba wanda zai sake dawowa. Sun ga hatsin da ta raba a shekarun yunwa bai tambayi addinin kowa ba.

Zaman bai rasa haɗari. A 1996 aka sace ruhubanawa bakwai na gidan Tibhirin a Aljeriya aka kashe su. An ba su shawarar su tashi tun kafin haka, suka zauna suka yi shawara, suka zaɓi su tsaya tare da maƙwabtansu Musulmi waɗanda su ba su da inda za su gudu. A watan Janairu 2015, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙone majami'u da makarantun mishan a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. A ranakun nan Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. A watan Satumba 2018 aka sace fada Pier Luigi Maccalli na SMA a Bomowanga, kusa da iyakar Burkina Faso, ba a sake shi ba sai Oktoba 2020 a ƙasar Mali. Kowane irin wannan abu in ya faru, shugabannin ƙungiya kan shiga tsaka mai wuya: su janye mutanensu su bar marasa lafiya da ƴan makaranta, ko su bar su a bakin haɗari da sunan biyayya. A irin wannan hali akan tambayi kowa shi kaɗai ko yana son ya zauna.

Marie-Catherine Kingbo ta rasu a 2021. Ƙungiyar da ta bari ta haɗa mata daga ƙasashe dabam-dabam na Afirka ta Yamma, kuma sai ta samu ƴan mata masu shiga kafin ta ɗore, tun da gidan da ba a haihuwa a cikinsa da baƙi yake cika. A ƙasar da Kirista suke ƴan kaɗan, kowace yarinya da ta ce za ta shiga, iyayenta sun san sun rasa sadaki, sun rasa jikoki ta wajenta, sun kuma rasa mai ɗauke musu nauyi in sun tsufa. Wasu kan sa albarka, wasu kan yi shekaru ba su taka ƙofar gidan ba. Ita kuwa in ta tsufa, ƙannen da ta horar su za su yi jinyarta, su yi mata sutura, ƙungiya ce kuma ke biyan kuɗin magani da na kabari daga asusun nan da albashinta ya yi ta shiga tun tana da ƙarfi.